Gidajen mahaukata na da: wa ya gina su, me ya faru a ciki, me ya sa aka rufe su

Tambaya: Wata ɗalibar koyon aikin jinya ta ce za a tura su sashen masu taɓin hankali, kuma ta daɗe tana ganin hotunan wasu manya-manyan kangaye a Turai da Amurka da aka ce tsofaffin asibitocin mahaukata ne. Tana son ta san wa ya gina su, ko gaskiya ne azabtar da mutane ake yi a ciki, da dalilin da ya sa aka rufe su.

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'ar karatu. E, an azabtar da mutane a waɗannan wurare, wasu ma kashe su aka yi. Amma in kika tsaya a nan, kin bar abin da zai amfane ki a wurin aiki. Yawancin gine-ginen da kika gani a hoto masu tausayi ne suka yi faɗi-tashi har aka gina su, mutanen da suka tarar da mahaukata ɗaure a kurkuku da ɗakunan dabbobi, abin ya hana su barci. Cikin shekara hamsin zuwa sittin, wuraren da suka gina suka koma irin abin da suka tashi yaƙa tun farko. Yadda aka yi hakan ta faru shi nake so ki riƙe, shi ya sa zan fi daɗewa a kansa.

Kafin a fara gini, gida ne ke ɗaukar nauyi, ko'ina a duniya. Wanda ciwonsa bai kai ga duka ba a bar shi yana yawo a gari, yara na tsokana, manya na miƙa masa abinci. Mai faɗa kuwa a ɗaure. Mu nan turu da mari muka sani, sai malam da rubutu, ko boka, ko 'yan bori. Su Turawa sarƙa ce da ɗaki mai duhu, in dangi sun gaji su miƙa shi kurkuku ko gidan gajiyayyu.

Asibitocin farko da suka ware wa masu taɓin hankali sashe, ana duba su a matsayin marasa lafiya, a ƙasashen Musulmi suke. Ahmad bn Ɗulun ya gina ɗaya a Masar wajen shekarar 872, Nuruddin Zanki ya gina nasa a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina wani katafare a Alƙahira a 1284, sai kuma na Argun a Halab, na 1354, mai ƙananan ɗakuna kewaye da tsakar gida inda ruwa ke ɓuɓɓuga. Waƙafi ne ke riƙe su, magani kyauta ne, kuma akwai likita mai zagayawa. A Edirne ta Turkiyya, a asibitin Sarki Bayazid na Biyu da aka gama a 1488, har makaɗa ake kawo wa majinyata. Sai dai ina yawan jin ana ba da wannan tarihi an wanke shi tas, alhali ba haka yake ba. Ibn Jubair, matafiyin Andalus da ya ratsa Alƙahira da Dimashƙa a shekarun 1180, ya ga tagogin ƙarfe, ya ga sarƙa. Hasanul Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, shi ɗin nan da ya rubuta labarin Kano da Katsina, ya yi aikin magatakarda a asibitin Fas yana saurayi, kuma abin da ya bayyana mutane ne ɗaure a ɗakuna da masu gadi riƙe da sanda. Maƙrizi ya kawo cewa Ibn Ɗulun kan leƙa asibitinsa duk Juma'a ya ga halin da ake ciki, har ranar da wani ɗaurarre ya roƙe shi rumman, aka kawo masa, ya shammaci sarki ya jefe shi da shi a ƙirji. Daga ranar sarki bai sake zuwa ba. Ki ajiye wannan a ranki, domin ranar da mai iko ya daina leƙowa za ta yi ta dawowa a labarin nan.

A Ingila sunan da ya fi fita shi ne Bethlem, a Landan. An kafa shi a 1247 a matsayin gidan masu hidimar coci, zuwa 1403 takardu sun nuna akwai maza shida masu taɓin hankali a ciki. A 1676 aka mayar da shi wani sabon gini na gani-na-faɗa. Har zuwa 1770 ƙofarsa a buɗe take ga duk mai son kallo: ya ba da kwabo, ya shiga ya sha dariya, wasu har da tsokana. Abin kunya ne, kuma an yi daidai da aka hana. Amma mafi munin abin da aka taɓa bankaɗowa a Bethlem, bayan an rufe ƙofa ga jama'a ya faru.

A 1814 wani mai neman gyara, Edward Wakefield, ya samu shiga, ya tarar da James Norris, tsohon sojan ruwa Ba'amurke. An sa masa zoben ƙarfe a wuya, an haɗa shi da gajeriyar sarƙa zuwa wani sandan ƙarfe da ke tsaye a jikin bango, ta yadda sarƙar ba ta motsi sai sama ko ƙasa. An zagaye ƙirjinsa da wani ƙarfen da ya matse damatsansa a jikinsa. Yana iya miƙewa ya jingina da bango, yana iya kwanciya rigingine, amma ba ya iya juyawa gefe. Kimanin shekara goma yana haka. Kuma Wakefield ya same shi yana karanta jarida, yana hira a natse kan labarun yaƙi. Aka zana shi a yadda yake, aka buga, majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike a 1815, babban likitan da mai haɗa magani suka rasa aikinsu. Norris bai mori kwancewar ba, tarin fuka ya kashe shi a 1815.

Tun kafin wannan, gyara ya riga ya taso a wurare uku kusan lokaci guda. A Florence ta Italiya Vincenzo Chiarugi ya hana sarƙa a shekarun 1780. A Paris littattafai kan ce Philippe Pinel ne ya kwance wa mahaukata sarƙa, akwai ma shahararrun zane-zane da ke nuna hakan. Gaskiyar magana, wanda ya cire sarƙa a asibitin Bicêtre a 1797 shi ne Jean-Baptiste Pussin, mai kula da sashen, wanda ba likita ba ne, tsohon majinyaci ne ma da aka taɓa kwantarwa a wurin saboda wani ciwo na jiki. Shi da matarsa Marguerite suka gane cewa mutumin da aka yi masa magana da mutunci, aka ba shi isasshen abinci, aka hana masu gadi dukansa, yakan lafa. Pinel ya zauna ya kalli aikinsu, ya rubuta, ya kuma yaba musu a rubuce. Ke da za ki zama ma'aikaciyar jinya ya kamata ki san cewa tushen wannan fanni daga irin kujerarki ya fito.

Na ukun, wanda ya fi tasiri, a York ta Ingila ne. Wata bazawara mai suna Hannah Mills, 'yar ɗariƙar Kirista ta Kwaka, ta rasu a gidan mahaukatan garin a 1790 bayan an hana 'yan'uwanta na addini ganinta. Wani ɗan kasuwar shayi, William Tuke, ya tara kuɗi ya buɗe gida a 1796 wanda suka sa wa suna Retreat. Mutum talatin ko kusa da haka aka yi shi dominsu. Babu sarƙa, babu bulala. An yi tagogin da ƙarfe amma aka shafa musu fenti su yi kama da katako. Majinyaci na sa kayansa na gida, yana aikin lambu ko ɗinki, yana cin abinci tare da masu kula da shi, lokaci-lokaci a shirya shan shayi a gayyace shi a matsayin baƙo, shi kuma ya yi ƙoƙari ya riƙe kansa don kada ya ji kunya. Mutane da yawa suka samu sauƙi suka koma gida. Babu wani magani na kirki a hannunsu. Abin da ke aiki shi ne ƙanƙantar wurin, da yawan ma'aikata, da cewa shugaban gidan ya san kowa da sunansa da halinsa.

Labarin York ya bazu, gwamnatoci suka ce to a yi wa kowa. Faransa ta yi doka a 1838 cewa kowace gunduma ta tanadi wuri. Ingila ta wajabta wa kowane lardi gina nasa a 1845. A Amurka wata malamar makaranta, Dorothea Dix, ta je koyar da karatun Lahadi a wani kurkuku kusa da Boston a 1841, ta tarar da mahaukata a ɗaki ba wuta cikin tsananin hunturu. Ta zagaya jihar Massachusetts tana rubuta abin da ta gani a keji da ɗakunan ajiya, ta kai wa majalisar jihar a 1843, daga nan ta bi jiha-jiha har aka gina ko aka faɗaɗa asibitoci fiye da 30 ta dalilinta. Dogayen gine-ginen nan na Amurka masu fukafukai hagu da dama da kike gani a hoto, yawancinsu tsarin wani likita ne, Thomas Kirkbride, wanda ya wallafa shi a 1854. Kowane fiffike an ja shi baya kaɗan daga na gabansa don iska da rana su shiga kowane ɗaki, maza a gefe, mata a gefe, masu hayaniya can ƙarshe, ga gona da lambu. Kirkbride ya gindaya sharaɗi ɗaya: kada asibiti ya wuce mutum 250, domin shugabansa ya iya ganin kowa kullum.

Wannan sharaɗin ne aka fara take wa. A 1827 matsakaicin gidan mahaukata na lardi a Ingila bai fi mutum ɗari da 'yan kai ba. Zuwa 1900 ya kusa 1,000. Asibitin Pilgrim da ke jihar New York ya kai mutum 13,875 a 1954, gari guda ke nan, da tashar jirgin ƙasa da 'yan kwana-kwana da maƙabarta nasa na kansa. A 1955 asibitocin jihohin Amurka na riƙe da mutum kusan 559,000, Ingila da Wales kuma kimanin 150,000.

Lissafin cikar ba shi da wuya. A misali, asibiti ya karɓi mutum 100 a shekara, 40 suka warke suka tafi, 10 suka rasu, saura 50. Baɗi ma haka. Bayan shekara goma gadajen duk na waɗanda ba su warke ba ne, sabon majinyaci mai yiwuwar warkewa kuma sai ya shigo cikin cunkoso. Shugabannin farko sun ruɗi 'yan majalisa, sun kuma ruɗi kansu, da alƙaluman warkewa na kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Sai daga baya wani likita, Pliny Earle, ya bi takardun ya gano mutum ɗaya ake ƙirgawa sau da dama: a sallame shi a rubuta ya warke, ya dawo, a sake sallama a sake rubutawa. Da 'yan majalisa suka ga warkewar da aka yi musu alkawari ba ta zo ba, sai suka koma tambaya ɗaya tak, nawa ake kashe wa kowane kai a mako.

Sannan su wa ke ciki? A nan ake yawan kuskure. Kaso mai yawa ba irin ciwon da muke kira taɓin hankali a yau suke da shi ba. Akwai masu tunjere da ta hau ƙwaƙwalwa, wadda kan fara da girman kai na ruɗu, mutum ya ce shi sarki ne, ta bi da shanyewar jiki, ta kashe cikin 'yan shekaru. A wasu asibitocin birane ita ce ke kawo kaso babba na mazan da ake kwantarwa, kuma sai a 1913 Hideyo Noguchi ya nuna ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar mamatan. Akwai masu felagira, ciwon ƙarancin sinadarin abinci da ke kama talakan da masara kaɗai yake ci, wanda ya cika asibitocin arewacin Italiya da kudancin Amurka. Ga masu farfaɗiya, ga mashaya, ga yaran da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, ga tsofaffi masu gigin tsufa waɗanda 'ya'yansu ke aikin masana'anta awa goma sha biyu ba mai zama da su. Duk wanda gari ya rasa yadda zai yi da shi, can ake kai shi.

Akwai kuma waɗanda lafiyarsu ƙalau. Elizabeth Packard, matar wani fasto a jihar Illinois, mijinta ya sa aka kulle ta a 1860 saboda ta saɓa masa a fahimtar addini, kuma dokar jihar a lokacin ta yarda miji ya yi hakan ba tare da shari'a ba. Ta yi shekara uku, ta fito ta yi ta gwagwarmaya har jihohi da dama suka canza doka. A 1887 'yar jarida Nellie Bly ta yi haukan ƙarya aka kai ta tsibirin Blackwell a New York. Tana shiga ta daina wasan, ta koma magana daidai, amma ba wanda ya saurare ta. Kwana goma ta yi tana ganin wankan ruwan ƙanƙara, da ruɓaɓɓen abinci, da zaman dole a benci tun safe har dare, da mata baƙi daga wasu ƙasashe waɗanda iyakar matsalarsu ba su jin Turanci. Jaridarta ce ta aiko lauya ya fito da ita.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa majinyata ne ke riƙe da asibitin. Su ke noma, su ke wanki, su ke dafa abinci, su ke haƙa kabari, ba albashi. Aikin da a York magani ne, a nan ya zama hanyar rage kashe kuɗi, kuma majinyacin da ya iya aiki sosai ba a gaggawar sallamarsa. Lokacin da aka rufe asibitin Willard a New York a 1995, ma'aikata sun tarar da akwatuna fiye da 400 a wani ɗakin sama, na mutanen da aka kwantar shekaru da dama kafin nan. A ciki akwai kayan sawa a ninke, hotunan iyali, wasiƙu, kayan aski, kayan ɗinki. Kayan wanda ya zo da niyyar komawa gida ne. Da yawansu a maƙabartar asibitin aka binne su, lamba ce a kan kabarin ba suna ba.

Likitan da ke da ɗaruruwan majinyata ba magani, kuma sauran likitoci na kallonsa a matsayin mai gadi, komai aka kawo masa zai gwada. Daga 1917 zuwa 1950 aka yi ta gwaje-gwaje, kuma ba daidai ba ne a zuba su a kwando ɗaya. Julius Wagner-Jauregg a Vienna ya riƙa sa wa masu tunjeren ƙwaƙwalwa zazzaɓin cizon sauro da gangan, zafin jiki ya kashe ƙwayar, sannan a ba su kwinin. Wasu sun mutu, amma ciwon da ake yaƙa mai kisa ne tabbas, wasu kuma sun tashi. Ya samu kyautar Nobel a 1927, kuma da fenisilin ta zo aka bar hanyar. Henry Cotton na asibitin Trenton kuwa ba shi da uzuri. Ya ƙudurta cewa ƙwayoyin cuta a haƙori da hanji ke kawo hauka, ya cire wa mutane haƙora dubbai, ya yanke wa ɗaruruwa babban hanji, kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka yi wa wannan tiyata suka mutu. An yi bincike an gano, manyansa suka danne rahoton. Sai allurar insulin da ake sumar da mutum da ita kullum na tsawon makonni, wadda daga baya aka gane kulawar ma'aikatan jinya da ke tare da ita ce ke kawo ɗan sauƙin da ake gani.

Shokin ɗin lantarki, wanda Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a Rum a 1938, labarinsa daban ne. A da ana yin sa mutum na farke, jijjigar kan karya ƙashin baya, kuma a wasu wuraren an mai da shi horo ga mai taurin kai. A yau ana yin sa da allurar barci da ta saki jijiya, da amincewar majinyaci ko waliyyinsa, kuma ga ciwon damuwa mai tsanani, irin wanda mutum ke daina ci da sha, yana cikin abubuwan da suka fi ceton rai. Kada fim ya sa ki tsorata dangin majinyaci da shi.

Lobotomi ce ba ta da mai kare ta. Egas Moniz na Fotugal ya fara yanke jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwa a 1935, aka ba shi Nobel a 1949. Walter Freeman a Amurka, wanda ba likitan tiyata ba ne, ya sauƙaƙa ta a 1946: a sumar da mutum da shokin, a ɗaga fatar idonsa ta sama, a sa wani siririn ƙarfe mai tsini, a buga da ƙaramar guduma ya huda ƙashin saman ido, a kaɗa shi hagu da dama, a zare, a koma ɗaya idon. Minti goma an gama. A 1952 ya yi wa mutum fiye da 200 cikin mako biyu a jihar West Virginia. Majinyacin kan daina faɗa, gaskiya ne, amma yakan daina damuwa da komai, wani ya koma sai an ba shi abinci a baki. Rosemary Kennedy, ƙanwar John F. Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, an yi mata a 1941 tana da shekara 23, ba ta sake iya kula da kanta ba har ta rasu. Abin da ya sa hanyar ta karɓu shi ne ta sa ɗaki ya yi shiru, kuma a asibitin mutum dubbai shiru ake kira sauƙi.

Ƙarshen lalacewa a Jamus ta Hitler aka gan shi. Dokar 1933 ta sa aka yi wa mutum kusan 400,000 tiyatar hana haihuwa ta dole. Tsakanin 1940 da 1941 aka kwashi majinyata fiye da 70,000 daga asibitoci aka kashe su da iskar guba a cibiyoyi shida, irin su Hadamar da Hartheim. Likitoci ne suka cike takardun zaɓe, ma'aikatan jinya ne suka raka su mota. Da surutu ya yi yawa aka dakatar a hukumance, aka ci gaba da yunwa da allura. A Faransa ba wanda ya ba da umarnin kisa, amma majinyata fiye da 40,000 yunwa ta kashe lokacin mamaya, domin mutumin waje na iya neman ƙari a bayan fage, na kulle kuwa sai abin da aka auna masa.

Ana yawan cewa magani ne ya rufe waɗannan wurare. Yana da kaso, ba shi kaɗai ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker a Paris suka gwada kilofromazin, wanda kika sani da Largactil, ya kwantar da ruɗu da jin muryoyi ba tare da ya kashe mutum da barci ba. Amma asibitin Dingleton a Scotland ya buɗe duk ƙofofinsa tun 1949, kafin maganin. Ga kuma tonon asiri: matasan Amurka da suka ƙi zuwa yaƙi saboda addini aka tura su aiki a asibitocin mahaukata, suka ɗauko hotunan mutane tsirara jibge a ɗaki, mujallar Life ta buga a 1946. Kotu ma ta shigo. A 1975 kotun ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Kenneth Donaldson da aka riƙe kusan shekara 15 a Florida, cewa ba a kulle wanda ba shi da haɗari kuma zai iya rayuwa a waje. Sai uwa uba kuɗi. Daga 1965 gwamnatin tarayyar Amurka ta fara biyan kuɗin gidajen kula da tsofaffi amma ba ta biyan na asibitocin mahaukata na jiha, sai jihohi suka yi ta kwashe mutane suna sauke wa kansu nauyi. Ministan lafiyar Birtaniya Enoch Powell ya shelanta a 1961 cewa za a rage gadajen da rabi cikin shekara 15.

Rufewar ta yi kyau inda aka shirya mata. Franco Basaglia ya karɓi asibitin Trieste a Italiya a 1971 da majinyata sama da 1,000, ya gina cibiyoyin unguwa masu aiki dare da rana, da gidajen zama, da ƙungiyoyin sana'a, sannan aka rufe asibitin. Dokar ƙasa mai lamba 180 ta 1978 ta hana kwantar da sababbi a irin waɗannan gidaje. A Amurka kuwa an rufe, kuɗin bai bi majinyaci ba. Gadajen jihohi yanzu ba su kai 50,000 ba alhali jama'a sun ninka, kuma gidajen yarin Los Angeles da Chicago da New York na cikin wuraren da suka fi tara masu taɓin hankali a ƙasar. Wato an koma inda Dorothea Dix ta tarar da su. Gine-ginen kuwa, wasu sun zama kangayen da kike gani, wasu an gyara. Colney Hatch na Landan, da aka buɗe a 1851 aka rufe a 1993, yanzu gidajen masu kuɗi ne.

Mu namu tarihin ya bi wata hanya. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen mahaukata: Kissy a Saliyo a 1820, Kalaba a 1904, Yaba a Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Ba don magani aka yi su ba, don kawar da wanda ya dami gari ne, kuma da yake gwamnatin ba ta son kashe kuɗi, ba su taɓa girma irin na Turai ba; a wurare da yawa wani ɓangare na gidan yari ne kawai ake warewa. Likitocinsu ma wasu sun zo da wariya: J. C. Carothers da ya riƙe asibitin Mathari a Nairobi ya rubuta cewa lafiyayyen Ba'afirke ya yi kama da Baturen da aka yi wa lobotomi. Waɗanda suka mayar masa da martani da aiki su ne irin Tijjani al-Mahi a Sudan, wanda ya haɗa kai da shehunan da jama'a suka saba kai musu marasa lafiya, da Frantz Fanon a Blida ta Aljeriya, da Thomas Adeoye Lambo a Aro, kusa da Abekuta. A 1954 Lambo ya shawo kan ƙauyukan da ke kewaye suka ba majinyata hayar ɗaki. Kowa na zuwa da ɗan'uwa guda mai kula da shi, da rana ya je asibiti a duba shi, da yamma ya koma cikin gari inda ake daka ana hira. Garin Geel na Beljiyam ya yi ɗaruruwan shekaru yana irin wannan riƙo a gidajen jama'a, amma a Afirka ta zamanin mulkin mallaka sabon abu ne, kuma ya ja hankalin duniya har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Don haka matsalarmu ba manyan gidaje ba ce, ƙaranci ne. Likitocin wannan fanni a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum sama da miliyan 200. Asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da Dawanau a Kano ba za su ɗauki Arewa duka ba, sai giɓin ya koma gidajen mari. Kin tuna Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, da yawa da sarƙa a ƙafa, sannan aka yi ta gano wasu a Katsina da sauran wurare. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biya, da kyakkyawar niyya, ƙofa kuma a rufe. Dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ta 1916 ce, sai a farkon 2023 aka maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa mai tanadin haƙƙin majinyaci da sharuɗɗan kwantar da mutum ba da son ransa ba. Aiwatarwa ce ta rage.

Idan kin shiga sashen, ki duba majinyaci nawa ke hannun nas ɗaya da dare, da ko dangi na shiga su ga inda ɗan'uwansu yake kwana ko a bakin ƙofa ake tsayar da su. Wani lokaci dole a ɗaure majinyaci don kada ya ji wa kansa ko wani ciwo, amma sai an rubuta wanda ya ba da umarni da ƙarfe nawa, a riƙa duba numfashinsa da hannuwansa a kai a kai, a kwance shi da zarar ya lafa. In kika ga ɗauri ba rubutu, ki sanar da shugabar sashe. In aka ce wane ya samu sauƙi, ki je ki yi masa magana da kanki, ki bambance sauƙi da nauyin magani. Sannan ki nemi fayil ɗin wanda ya fi kowa daɗewa, ki tambayi abin da ya hana sallamarsa. Sau da yawa za ki tarar likita ya sa hannu tun tuni, lambar wayar dangi ce ta daina shiga, kuma wannan aikin jami'in walwala ne, sai ki nemo shi ki haɗa shi da fayil ɗin.